Minti Goma a Bakin Kwari

Ni dai na taɓa jan rundunar dawaki a lokacin yaƙi, kuma ban rasa ko dabba ɗaya ba. In na faɗi haka a cikin mata sai su kwashe da dariya, su ce Ustaza ta fara. To, su yi ta yi. Rundunar tawa goɗiya ce ɗaya tsohuwa, da ingarma ɗaya wanda ma ba nawa ba, da jakuna uku, kowace dabba da karonta, wato amalanken nan mai ƙafar roba biyu da muke kwasar kaya da shi daga gona. Amma runduna ce, kuma da doka na tafiyar da ita.

Ƙauyenmu yana kusa da Abu Na'ama, a bakin kogi, can gabas cikin ƙasar masu Larabci. A nan aka haife ni, a nan na koyar da lissafi a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, a nan na binne mijina. Ɗiya ɗaya Allah ya bar mini. Tana aure a Sinnar, mijinta yana aiki a Saudiyya, kuma da yaƙi ya matso sai ta dawo gida da tsohon ciki. Haihuwarta ta fari da wuƙar likita aka yi, yaron kuma bai zo da rai ba. Tun a lokacin likita ya ja mata kunne, ya ce ta gaba a asibiti za ta haihu, kada ta yarda naƙuda ta daɗe mata a gida, don ɗinkin cikin yana iya buɗewa.

Sai ga shi hanyar Sinnar ta toshe. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu an rufe shi, ma'aikatan sun watse. Man fetur ya ɓace, masu motoci sun ɓoye su a cikin karan dawa, wanda ya fito da tasa a kan kwalta kuma sai masu bindiga su sauke shi. Ungozomarmu ta zo ta shafa cikin, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ja ni bayan rumfa ta ce, "Ustaza, kwana bakwai, ko ƙasa da haka. Kuma wannan ba aikin hannuna ba ne, kada ki ɗora mini." Saura asibitin Damazin ke nan, can kudu, ta hanyar daji, a tsakiyar damina. Abin da nake da shi na kai ta can shi ne goɗiyar marigayi mijina, wadda haƙoranta sun riga sun yi tsawo don tsufa.

Ban ji tsoro yadda ya kamata ba, kuma dalilin Kaka ne, mahaifin babana.

Kaka yana ɗan shekara goma aka fito da shi daga ƙasar Sakkwato, cikin mutanen da suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara suka yo gabas. Da ya zama mutum ya kama hanyar Makka ta Masar, sai babban yaƙin Turawa na farko ya tare shi a can, babu gaba babu baya. Da ya ga yunwa za ta kashe shi, ya shiga aiki a bargar wasu sojojin doki na Turawa da aka jibge a bakin sahara. Har ya tsufa mutanen ƙauye ba su bar yi masa gori ba: iyayenka sun gudo daga Nasara, kai ka je kana kwashe musu kashin doki. Shi kuwa sai ya ce, "Waɗannan ba su ne ba. Mutanen dutse ne, daga wata ƙasa Wales, makiyaya da manoma. Su ma an ci ƙasarsu tun da daɗewa. Da manyansu Turanci suke yi, amma in sun shiga barga sai su koma harshen uwarsu, da shi suke yi wa doki magana." In ya faɗi haka sai ya dube mu, mu da muke Larabci a ofis da kasuwa, mu dawo gida mu yi Hausa, ya yi murmushi.

Jikokinsa maza ba su da haƙurin zama, ni ce nake liƙe masa. Yana ce mini matarsa, ina ce masa ni ba zan auri mai warin barga ba, amma kullum ina bayansa a turke. Ba labarin harbi yake ba ni ba, ya ce shi bai ga an harbi kowa ba. Labarin tsari yake ba ni. Ya ce da asuba ake busa ƙaho, kowa ya nufi barga kafin ya wanke ko fuskarsa. Akwai busar ruwa, akwai busar hatsi, kuma ta ruwa ita ce gaba, don dokin da ya ci hatsi sannan ya kwankwaɗi ruwa cikinsa ɗaurewa yake yi. Kowane doki an ƙona masa lamba a kofato da jan ƙarfe, don a san na wane ne da wanda za a kama in ya rame. Akwai mutumin da ba shi da aiki sai awon hatsi da gwangwani, akwai maƙeri mai bin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Saje yana bi yana shafa bayan kowane doki da tafin hannu, in ya tarar da gyambo sai mai dokin ya ɗora sirdi a kansa ya bi sahu da ƙafa, yini guda cur. Soja ba ya sa loma a baki sai dokinsa ya ci. In kuma ana tafiya, duk sa'a ɗaya sai a tsaya minti goma, kowa ya sauka, har babban kwamanda mai jan gashin baki, a sassauta majayi, a duba baya, a duba kofato.

"Ko ana korarsu, Kaka?" na tambaye shi wata rana.

"Balle ma in ana korarsu, matata. Wanda ake kora shi ya fi bukatar doki gobe."

Ƙarshen labarin ba ya son faɗa, amma ina matsa masa. Ya ce wata rana takarda ta zo daga sama cewa a karɓe dawakan, mutanen su koma sojan ƙasa, su shiga rairayi da ƙafa. Ya ga ƙarti jajaye sun rungume wuyan dabbobinsu suna kuka kamar an yi musu mutuwa. Wanda Kaka yake yi wa aiki ya miƙa masa ƙugiyar ƙarfe ta sakace kofato da gwangwanin awo, ya yi masa wata doguwar magana da harshensu. Kaka bai ji ko kalma ɗaya ba, ya dai ce amin. Ƙugiyar da gwangwanin su ne gadona daga wajensa, kuma su na fara sawa a cikin karo ranar da za mu tashi, kafin ma katifar ɗiyata.

Ba mu kaɗai muka tashi ba. Wan mijina, wanda nake kira Yaya, shi ne shehun ƙauye, wato mai gari, ya ce zai kai iyalinsa Damazin su ma, ga kuma gidaje uku masu jakuna. Yaya mutumin kirki ne, amma Allah ya yi shi da gaggawa, kuma yana da ingarma baƙi ɗan shekara biyar da yake ji da shi. Da sassafe muka taru a bakin masallaci, na hau kan bambar na faɗa musu dokoki. Na ce ruwa kafin hatsi. Na ce dabba kafin mutum, ko shayi ba mai sha sai an gama da turke. Na ce duk sa'a ɗaya za a tsaya minti goma, kowa ya sauka, sai ɗiyata kaɗai, ita ma za a tokare sandunan karon da itace mai baki biyu don nauyin ya bar bayan goɗiya. Na nuna musu agogon hannuna, wanda na yi shekaru ina korar 'yan mata zuwa aji da shi.

Yaya ya ce, "Ya Ustaza, makaranta za mu ko gudun hijira?"

Na ce, "Yaya, ka sauke buhu biyu daga karonka. Da injin ɗinki. Da wannan gadon ƙarfe."

"Ingarma ne hwa, ba goɗiyarki mai jiran kabari ba."

"Ingarma ne yau. Ni jibi nake duba maka."

Ya yi tsaki, bai sauke ko tsinke ba. Na bar shi, don a gaban mutanensa ne, kuma wan miji wan miji ne.

Ranar farko kowa ya tsane ni. Ana cikin tafiya mai daɗi, ƙasa ta ɗan bushe, iska na kaɗawa, sai in ɗaga hannu in ce a sauka. Mata su sauko suna gunaguni da goyo a baya. Ni kuwa in bi dabbobi ɗaya bayan ɗaya, in sassauta, in zura hannu ƙarƙashin abin wuya in ji ko akwai zafi, in ɗaga ƙafa in sakace laka da tsakuwa. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa takan cushe kofato ta daskare, dabba ta riƙa takawa a karkace, kafin yamma ta fara ɗingishi ba a san dalili ba. Can arewa muna jin dum, dum, kamar ana daka a wani gida mai nisa. Duk sanda aka ji, sai idanu su dawo kaina da kan agogona. Na yi kamar ban gani ba.

Da muka sauka da la'asar sakaliya a gefen wata gonar riɗi da masu ita suka gudu, wata mata ta hura wuta ta ɗora buta. Na je na sauke butar da hannuna. Ta ce, "Haba Ustaza, tun safe ban sa komai a cikina ba." Na ce jakinki ma haka, kuma shi ya ɗauko ki. Aka kai dabbobi ruwa, aka jira suka huce, na auna wa kowace dawa da gwangwanin Kaka, aka yanko musu ciyawa. Sannan muka ci. Ɗiyata tana kwance a kan katifa tana kallona, ta ce da Larabci, don ita Larabci ya fi zama a bakinta kamar sauran sa'o'inta, "Yumma, wallahi ke da an ba ki ƙasar nan da kin gyara ta ko kin kashe mu duka." Na ce ta ci abincinta.

Rana ta biyu da hantsi Yaya ya ƙare haƙuri. Na ɗaga hannu, shi kuwa ya ɗaga bulala. Ya ce, "Kalas, ya isa! Ni na gaji da wannan wasa. Mu haɗu a Damazin, in kun iso kafin sallar layya." Ingarma ya zabura da kaya da mutum shida, laka na tashi a bayansa. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta bi shi. Na dubi cikin ɗiyata, na dubi yadda karonsa yake ƙanƙancewa a nesa, na ce a raina ko dai in roƙe shi ya ɗauke ta. Masu jakuna ma suna dubana, suna jiran in karaya. Na durƙusa na ɗaga ƙafar goɗiya, na ci gaba da abin da nake yi.

Washegari kafin azahar muka tarar da shi. Yana zaune a ƙarƙashin wata ƙaya, ya cire rawani, matansa sun juya masa baya. Ingarma yana tsaye da ƙafa uku, kansa a ƙasa, kafaɗunsa biyu sun saɓule sun yi ja, ƙudaje sun rufe su. Ashe Yaya ya kore shi yini guda ba hutu, da ya sauka kuma don tausayi ya zuba masa dawa rabin buhu, sannan ya kai shi ruwa. Allah ne ya sa cikin bai kashe shi ba.

Na so in yi magana. Kai, na so! Maganganu sun cika mini baki har ina jin ɗacinsu. Amma na ga idonsa, na haɗiye. Na ce kawai, "Sannu, Yaya." Na wanke gyambon da ruwan gishiri, na shafa man riɗi, na ciro wani dutse mai kaifi daga kofaton gaba. Na ce dokin nan ba zai sake jan komai ba a wannan tafiya, za a ja shi a baya da ragama. Aka bar karon a wurin da injin ɗinki da gadon ƙarfe, aka raba yara a kan karon jakuna, manya suka bi da ƙafa. Yaya ya tashi ya naɗa rawaninsa, ya kama ragamar ingarmansa, ya koma can ƙarshen sahu ba wanda ya ce masa. Da sa'a ta cika, kafin in ɗaga hannu, sai na ji muryarsa daga baya: "A sauka!" Na tuna da sojan Kaka mai sirdi a ka, na yi dariya ni kaɗai.

A yammacin nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka fake a wata makaranta da ba kowa. Da gari ya waye, rana ta huɗu, ɗiyata ta kama hannuna ta matse. Na haihu, na san wannan matsa. Kwana bakwai ɗin ungozoma sun zama huɗu.

Daga nan abin da na yi ba na alfahari da shi. Hanya ta zama kunu, ƙafafun karo suna nutsewa, goɗiya tana ja da ƙirji da wuya. Sa'a ta farko na tsaya. Ta biyu na tsaya. Ta uku, ɗiyata ta fara nishi mai ƙarfi, tana cizon gefen mayafi, na dubi agogo na juya shi cikin hannuna, ban tsayar da kowa ba. Yaya ya buɗe baki zai ce a sauka, ya ga fuskata, ya rufe. Muka wuce. Ni da na sauke butar mutane daga wuta, yau ni ce na karya doka, kuma kowa ya gani.

Muka yi sa'a biyu cur ba tsayawa, har muka iso bakin wani kwari. Wani makiyayi da muka gamu da shi ya riga ya faɗa mana cewa in mun haye shi, kwalta tana gaba kaɗan, kuma daga nan hanya lafiya lau har Damazin. Kwarin ba shi da faɗi. Ruwan iyakarsa gwiwa. Amma gangaren can ƙetare a tsaye yake, baƙar laka mai santsi, kuma a tsakiyar hawan ga karon wasu bayin Allah ya kafe har gindi, jakin ya kwanta a cikin kayan ja, an yi ta dukansa ya ƙi tashi, mutanen sun zauna a gefe sun zuba tagumi. Akwai wuri a gefensu da karo ɗaya zai bi, amma sau ɗaya za a gwada. In dabba ta tsaya a rabi ta zame, karo ya dawo da baya cikin ruwa da wanda ke kai.

Na dubi goɗiya. Ƙafafunta na baya suna rawa, hancinta ya buɗe ja, gumi ya yi kumfa a wuyanta, kofatanta huɗu sun zama dunƙulen laka. Na san abin da na yi mata. Na san kuma in na kora ta yanzu za ta shiga, don ba ta taɓa ƙi na ba, kuma za ta kwanta kusa da jakin can.

Na ce, "A sauka. A tokare karo. A kwance ta gaba ɗaya."

Wata mata ta ce, "Innalillahi! Ustaza, yarinyar nan haihuwa za ta yi!"

Yaya ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya. "Ga kwalta can, ana hango ta. Ki bari mu haye, sai ki huta da ita yadda kike so."

"Ba za ta haye ba, Yaya. Kawo itacen."

Ya dube ni, ya dubi ingarmansa mai gyambo, ya je ya ɗauko itacen da kansa.

Na kwance goɗiya, na fitar da ita daga tsakanin sanduna. Na ba ta ruwa kaɗan a ƙwarya, na goge mata gumi da tsumma, na murza mata ƙafafu daga sama zuwa ƙasa. Na durƙusa a cikin laka da ƙugiyar Kaka ina sakace kofato na farko. A bayana ɗiyata ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba sai ranar da ta rasa ɗanta na fari. Ƙugiyar ta faɗi daga hannuna. Na ɗauka na ci gaba.

Sai ta kira ni. Ba da Larabci ba, da Hausa, irin wadda take yi tana ƙarama kafin ta shiga makaranta.

"Inna. Inna, doki kika fi so da ni?"

Na ji maganar har cikin ƙashina. Da na juya na ga fuskarta, na san zan ɗaura goɗiyar nan a take mu faɗa kwarin. Don haka ban juya ba. Na dubi agogo, na ce mata, "Saura minti shida."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko sannu ba. Na sha tuna wannan amsa, na sha neman wadda ta fi ta, amma a lokacin ita kaɗai nake da ita. Matan Yaya suka rufu a kanta suna yi mata fifita da addu'a. Na gama kofato na biyu, na uku, na huɗu. Rawar ƙafafun ta ragu, numfashin ya sauko, goɗiya ta miƙa wuya ta tsinki ciyawa ta tauna. Da na ga ta tauna, na san ta dawo. Minti goma suka cika, ban rage ko ɗaya ba, ban ƙara ba.

Muka ɗaura ta. Na sa aka sauke komai daga karon, ya rage katifa da ɗiyata, da gwangwani da ɗan ƙunshin dawa. Yaya ya tuɓe jallabiya ya kama ƙafar karo ta dama, maza biyu suka kama ta hagu, har mutanen da karonsu ya kafe suka taso suka sa kafaɗa a baya. Na ce kada wanda ya yi ihu, kada wanda ya taɓa ta da bulala. Na riƙe linzami kusa da bakinta, na sa bakina a kunnenta, na yi mata magana da Hausa yadda Kaka yake yi wa nasa. Na ce tsohuwa, ni da ke ne yau, ki rufa mini asiri.

Muka shiga ruwa a hankali, muka fita, muka kama hawa. Taku ɗaya, biyu, biyar. A daidai inda jakin yake kwance ƙafarta ta gaba ta zame, karo ya tsaya cik, na ji nauyinsa yana jan mu baya. Yaya yana cewa ya Latif, ya Latif, ta cikin haƙora. Goɗiya ta durƙusa da gwiwa ɗaya. Sai ta kafa kofatan nan na baya da na gama sharewa, suka kama ƙasa, ta yi wani gurnani, ta miƙe, ta fizge mu gaba ɗaya har na faɗi ta ja ni a ƙasa ina riƙe da linzami. Da na ɗaga kai muna sama.

Ba mu tsaya murna ba. Na bar Yaya ya haye da jakuna, ni da uwargidansa muka kama kwalta. A kan kwalta karo ba shi da nauyi, goɗiya ta yi ta sassarfa da kanta, kuma da sa'a ta cika na sake tsayawa. Rana tana shirin faɗuwa muka shiga Damazin. A ƙofar asibiti aka ɗauke ta a kan gadon turawa, aka rufe ƙofa, aka bar ni a waje da laka tun daga goshi har ƙafa. Na kai goɗiya bakin famfo, na jira ta huce, na auna mata gwangwani ɗaya. Ina tsaye a kanta tana ci, uwargidan Yaya ta fito da gudu tana guɗa. Mace ce, da ranta, uwar ma da ranta.

Ban tambayi likita ko minti goman nan sun kusa kashe ta ba. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Abin da na sani shi ne da mun kafe a kwarin nan, da a can za ta haihu, a cikin laka, da ɗinkin da aka ce kada a bar shi ya wahala. Na yi daidai. Ko gobe aka mayar da ni bakin kwarin, haka zan yi. Amma yin daidai bai hana ɗiyata juya mini baya ba. Kwana uku ina shiga ɗakin, tana magana da matan Yaya, tana magana da ma'aikata, ni in na yi sannu sai ta rufe ido. Ko jaririyar, uwargidan Yaya ce take miƙo mini. Abin ya ci ni ƙwarai, na rasa barci, na rasa cin abinci.

Mun sauka a gidan wani ɗan uwan Yaya a bayan kasuwa, dabbobi suna ɗaure a tsakar gida. Rana ta huɗu na tashi da asuba na dama kunun hulba da madara, irin wanda ake ba mai jego, irin wanda take so tun tana yarinya. Na zuba man shanu, na rufe, na ɗauka da zafinsa na fita da sauri don kada ya huce. Na wuce ta gaban turke, goɗiya ta ɗago kai ta yi mini haniniya, na ce mata ina zuwa.

Na tarar da ɗiyata a zaune, an jingina mata matashi, jaririya tana barci a gefenta. Na zuba kunun a kwano na miƙa mata. Ta karɓa, abin da ba ta yi ba kwana uku. Ta riƙe shi da hannu biyu, tururi yana taso mata a fuska, amma ba ta kai baki ba. Ta dubi ƙafafuna, ta ga babu ciyawa ko ɗaya a jikin zanena.

Ta ce, da Hausa, "Inna, an ba goɗiyar?"

Tun ina ɗiya ƙarama a bayan Kaka ban taɓa sa wa mutum abinci a gaba dabba tana jira ba, sai ranar. Na ce, "Ban ba ta ba tukuna. Na ce kada kunun ya huce."

Ta ɗora murfi a kan kwanon, ta ajiye shi a gefen gado, kusa da kan jaririyar.

"Je ki ba ta. Ruwa tukuna, sannan hatsi. Zan jira."

Na fita. A bakin ƙofar asibiti kukan ya ƙwace mini, na yi shi a kan titi, mutane suna kallon tsohuwa tana sauri tana share ido da gefen mayafi. Na kai goɗiya ruwa, na jira, na auna mata gwangwani ɗaya na ƙara rabi. Da na koma kunun ya yi sanyi ƙalau, muka sha shi tare a kwano ɗaya.